BAYAN ƘYANDA TA TAFI

Maganarmu ta yau a kan ƙyanda ta ke, wadda iyayenmu mata ke sakaya sunanta su ce baƙon dauro. Kwanakin da yaro ya ke kwance da zazzaɓi da ƙuraje, babu uwar da ba ta san su ba, saboda haka ba zan tsaya a kansu ba. Abin da na ke so mu duba shi ne abin da ke biyo baya, watau sa'ad da ƙuraje suka dushe, fata ta fara saɓa kamar dusa, maƙwabta suka shigo barka da arziki, kowa ya ce baƙo ya tafi. To, a nan ne mu ma'aikatan ɗakin shan magani mu ke fara damuwa. Da yawa daga cikin yaran da ƙyanda ke ɗauka, sai bayan mako biyu, ko wata guda, ko wata uku a ke kawo mana su, da gudawa ko ciwon haƙarƙari ko tamowa. In an tambayi uwa sai ta ce, "I, ya yi ƙyanda, amma ai ya warke tuni."

Ɓarnar da ta ke bari a jiki

Ƙwayar cutar ƙyanda irin ƙananan nan ce ƙwarai da likitoci ke kira bairus. Iska ke ɗaukarta daga tari da atishawa. Allura da kafso ba su kashe ta, jikin yaro ne da kansa ya ke yaƙi da ita har ya kore ta. Amma kafin ta fita ta kan yi ɓarna iri biyu.

Ta fari, ɓarnar da ku ke gani a fata akwai irinta a ciki. Ta kan ɗaye baki da maƙogwaro da huhu da hanji da fuskar ido, ta kuma cinye wani sinadari da hanta ke ajiyewa, mai suna bitamin A, wanda shi ne ke gyaran waɗannan wurare. Ga rauni, ga babu kayan gyara.

Ta biyu ta fi muni. A cikin jinin ko wane mutum akwai masu tsaro, kamar masu gadin ƙofar gari, waɗanda suka san fuskar ko wane ɓarawo da ya taɓa shigowa. Ko wace cuta da yaro ya yi ya warke, sun riƙe kamanninta, in ta komo su tare ta. Ƙyanda kuwa waɗannan masu gadi ta ke faɗa wa. Jiki ya kan sa sababbi, amma sababbin ba su san kowa ba. A shekarar 2019 masana suka bayyana yadda suka auna jinin yara 77 a ƙasar Holan, kafin su yi ƙyanda da bayan sun yi. Suka tarar waɗansu sun rasa kashi 11 cikin 100 na wannan tsaro, waɗansu har kashi 73. Ku lura, waɗannan yaran ƙasar ƙoshi ne, ina ga namu? Jiki ya kan yi shekara biyu ko uku yana mai da abin da ya rasa, amma watannin fari su ne masu hatsari.

A ƙasarmu ta Anka da Gummi da Bukkuyum akwai abin da ke ƙara wa al'amarin nauyi. Ƙyanda cutar rani ce, daga ƙarshen ɗari zuwa bazara ta ke yaɗuwa. Watau yaro zai tashi daga ciwo daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, sa'an nan damina ta faɗi da sauronta. Ga kuma mutanen ƙauyuka da rashin zaman lafiya ya koro cikin gari, ɗaki ɗaya mutum goma, in yaro ɗaya ya yi tari kowa ya shaƙa.

Abinci

In an ce in zaɓi magana ɗaya tak cikin wannan ɗan littafi, maganar abinci zan zaɓa. Wani likita Bature, David Morley, ya zauna a wani gari na ƙasar Yarabawa mai suna Imesi-Ile yana auna nauyin yara wata wata. A shekarar 1963 ya bayyana abin da ya gani: kusan yaro ɗaya cikin huɗu da suka yi ƙyanda ya kan zubar da kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa, ko fiye, ya kuma yi makonni kafin ya mayar. Katin awon nan da mu ke ba ku, asalinsa daga aikin wannan likita ne.

Yaron da ya tashi daga ƙyanda ba shi da marmarin abinci. Bakinsa na zafi, cikinsa ba ya riƙe da yawa. In kika jira ya nema, Inna, ba zai nema ba. Sai ki zauna da shi, ki ba shi kaɗan kaɗan, sau biyar ko shida a yini, da lallashi, ban da ɗura. Ɗura ta kan sa kunu ya bi ta hanyar numfashi ya zama ciwon haƙarƙari. Sa'ad da ya fara karɓa, ki ƙara masa ci ɗaya bisa wanda ya saba, ko wace rana, har ma'auni ya nuna ya koma yadda ya ke dā.

Koko tsararo ba abinci ba ne ga irin wannan yaro, ruwa ne ya ke cika masa ciki. A dama kunu mai kauri, a zuba cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja, mai zai sa ya yi laushi ya haɗiyu. A daka ƙuli-ƙuli a barbaɗa. In akwai nono ko kindirmo a zuba. Wake da aka dafa ya yi lugub, awara, kifin gulbi da aka cire wa ƙaya, ƙwai dafaffe, 'yar hanta ran kasuwa, duka suna gina jiki. Zogale da kabewa da gwanda da mangwaro su ke mai da bitamin A ɗin da ƙyanda ta cinye, kuma Allah cikin ikonsa ya sa mangwaro na nuna a daidai lokacin ƙyanda.

Na san kakanni su kan hana mai ƙyanda ƙwai da nama da mai. Da kyakkyawan nufi su ke yi, amma ina roƙonku, Kaka, ku sassauta. Babu abincin da ke mai da ƙyanda ciki. Haka kuma wanka: a yi wa yaro wanka da ruwa mai ɗumi da sabulu, gama fatar da ke saɓa in ta yi dauɗa ta kan zama gyambo.

A ba shi kwanonsa dabam. In an haɗa shi kwano ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun sharɓe. Wanda ke shan mama kuwa a ci gaba da ba shi dare da rana. Kada a yaye yaro a wannan hali, ko da uwa ta sami ciki, nononta bai zama dafi ba.

Mai gida, wannan maganar taka ce. Ƙwan da zabbi da kaji suka saka, a rage biyu kafin a kai kasuwa. Kuɗin ƙwai na mako huɗu bai kai kuɗin mota zuwa asibitin Gusau ba, balle na jinya.

Ku kawo yaro a auna shi bayan mako biyu, ko da kun ga ya warware. Muna da ɗan maɗauri mai launi uku da mu ke naɗawa a damtse. Kore lafiya, rawaya kashedi ne, ja kuwa tamowa ce mai tsanani. A gida ma kuna iya gwadawa: ku danna bayan ƙafafunsa da babban yatsa, ku ƙirga uku. In gurbi ya zauna a ƙafa biyu, wannan kumburi ne ba ƙiba ba, a kawo shi ran nan. In an ba ku abincin tamowa, wannan na gyaɗa da ke cikin 'yar leda, ku sani magani ne da aka ƙidaya don yaro ɗaya. Kada a raba wa sauran yara, kada kuma ya ɓulla a tiren mai talla.

Ido

Cikin makafin da ku ke gani suna bara tun suna yara, akwai da yawa da aka haife su da idonsu garau, ƙyanda ce ta bi ta kansu. Abin baƙin ciki kuwa, maganin da ke tsare wannan ɗan ƙwanso ne na bitamin A, wanda a ke yanke bakinsa a matse a bakin yaro. Shuɗi na ɗan wata 6 zuwa 11 ne, ja na wanda ya cika shekara. Ko wane mai ƙyanda ya kamata ya sha ɗaya yau, ɗaya gobe. In ido ya taɓu, a ƙara na uku bayan 'yan makonni. In yaronku ya gama ƙyanda a gida bai sha ba, ku kawo shi, lokaci bai wuce ba. Amma kada a saya a yi ta ba shi kullum, gama yawansa ma cuta ne.

Ga alamun da za ku lura da su. Yaro ya fara dundumi, da magariba ta yi sai ya yi ta laluben bango yana tuntuɓe. Ko ya ƙi buɗe ido cikin haske, kullum fuska a jikin uwa. Ko farin idon ya bushe ya yi yaushi, da wani abu kamar kumfar sabulu a gefe. Ko kuma baƙin idon ya yi hazo. Wannan na ƙarshe ba ya jiran gobe. Cikin kwana ɗaya ko biyu idon na iya fashewa, in kuwa ya warke da hakiya ta zauna ke nan.

Kada a ɗiga kome a idon nan. Ban da ruwan ganye, ban da ruwan sukari, ban da tozali. Ban da maganin ɗigawa na kemis da ba likita ya rubuta ba, gama akwai irin da ke kwantar da ja yau, ya huda ido jibi. A tafasa ruwa, a bari ya huce, a sami tsumma mai tsabta a goge kwantsa daga wajen hanci zuwa waje, ko wane ido da nasa tsumma. Man shafawa na ido da ya dace, mu za mu ba ku.

Baki da kunne

Ku riƙa buɗe bakin yaro ko wace safiya a hasken rana ku duba. Ƙananan gyambuna a leɓe da harshe ba abin tsoro ba ne, a wanke da ruwan ɗumi da ɗan gishiri sau uku ko huɗu a yini. Amma akwai wata cuta da ke bin bayan ƙyanda da tamowa, ana ce da ita noma, ko zaizayar baki. Ta fi kama 'yan shekara 2 zuwa 6. Da dasashi ta ke farawa, ya kumbura yana jini, baki ya yi wari irin wanda ba a saba ji ba, miyau na zuba. Sa'an nan kunci ya kumbura, wani baƙin tabo ya fito a kansa. Daga nan cikin 'yan kwanaki naman ya zube ya bar rami. In ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma ba su tashi. In kuwa an kawo shi tun yana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wankin baki da abinci sun isa. Ba maita ba ce, ba aikin iska ba ne, kuma ba a ɗaukarta don an zauna kusa da mai ita. A Sakkwato akwai asibiti musamman domin wannan cuta tun shekarar 1999, inda a ke gyaran fuskar waɗanda ta ɓata, kyauta. In kun san gidan da a ke ɓoye irin wannan yaro don kunya, ku gaya musu.

Kunne kuma ya kan yi ruwa. A murza tsumma mai tsabta kamar lagwani, a sa a hankali ya tsotse mugunyar, a sake wani har ya fito busasshe, sau uku a yini, a kuma kawo shi a ba shi magani. Kada a zuba mai, kada a sa gashin kaza ko tsinke. In bayan kunnen ya kumbura yana zafi, asibiti. Yaron da a ke kira ba ya waiwayowa bayan ya yi ƙyanda, kafin a ce taurin kai ne a kai masa mari, a fara kawo shi a duba kunnen.

Ƙirji da ciki

Tarin ƙyanda ya kan yi kwana goma ko mako biyu yana raguwa. Abin dubawa shi ne numfashi. Yanzu kusan ko wane gida akwai waya mai agogo. Sa'ad da yaro ya ke kwance shiru, a ɗaga rigarsa, a ƙirga sau nawa cikinsa ya ɗaga a minti ɗaya. Ɗan wata 2 zuwa 11, in ya kai 50, ya yi yawa. Ɗan shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40, ya yi yawa. In ƙasan haƙarƙarinsa na shiga ciki sa'ad da ya ja numfashi, ko zazzaɓi ya komo bayan ya tafi, to huhu ya kamu, kuma wannan shi ya fi kashe masu ƙyanda. A nan ne magani ke aiki sosai in an zo da wuri. Tarin da ya wuce mako biyu ba ya raguwa, yaro na ramewa, sai a gwada shi ko tarin fuka ne, gama ƙyanda ta kan ta da shi daga barci. Gwajin da maganin kyauta ne a asibitin gwamnati. A nisantar da yaro daga hayaƙin murhu. Kada kuma a kira wanzami ya cire masa beli don tari. Yaron da ba shi da jini, a ƙara zubar masa da wanda ya rage?

Gudawa kuwa ta kan tafi ta komo. A haɗa garin gishiri da sukari na cikin takarda a ruwa mai tsabta lita ɗaya, watau kamar ruwan leda biyu, a riƙa ba shi bayan ko wane zawo, da ƙwayar zinki ɗaya a yini har kwana 10, ko da gudawar ta tsaya. Kada a tsai da abinci. In akwai jini, ko ta kai mako biyu, ko ido ya faɗa yaro ya kasa sha, a kawo shi.

Kasala

Akwai abin da ba ya cikin idon ma'auni, amma iyaye sun san shi. Yaron da ya fara tafiya ya koma rarrafe. Mai surutu ya yi shiru. Mai wasa ya zauna gindin uwa yana ƙananan koke-koke. Wannan yawanci gajiyar jiki ce, tana wucewa da abinci da barci da haƙuri. A fito da shi inuwa ya ga 'yan'uwansa na wasa, a yi masa magana, a goya shi. Babba kuma kada a tura shi kiwo ko talla ko ɗiban ruwa ran da ya miƙe. A fara da aike na kusa.

Manya ma haka ne, ko ƙyanda suka yi, ko shawara, ko mura mai tsanani, ko cutar korona da ta zo a shekarar 2020, wadda ta bar waɗansu da kasala da haki da mantuwa har wata uku ko fiye. Magidanci ya ji sauƙi, ya ga gona na jiransa, ya ɗauki fartanya ya yi yini guda, sa'an nan ya kwanta kwana uku. Gara a raba aikin. A yi kaɗan da sanyin safiya, a tsaya tun ba a gaji ba, in jiki ya karɓa a ƙara kaɗan mako mai zuwa, in ya ƙi a rage. A nemi gayya, ba abin kunya ba ne. Ƙarin ruwa a kemis ba ya mai da ƙarfi. Ƙwayar tiramol da samari ke sha don noma ba ta kawar da gajiya, rufe ta ta ke yi, mutum ya yi ta aiki yana cin jikinsa. In kasala ta wuce wata guda, a zo a duba jini, gama sau da yawa ƙarancin jini ne ko zazzaɓin sauro, waɗannan kuwa suna da magani.

Amma akwai shirun da ba na gajiya ba ne. Yaron da ya yi jijjiga, ko barci ya yi masa nauyi ba ya tasuwa, ko wuyansa ya sanƙare, ko yana amai da duk abin da ya sha, wannan na babban asibiti ne nan take, na Anka ko na Gummi ko na Bukkuyum, wanda ya fi kusa. Kuma a ƙasarmu dole in ƙara wata magana. Ba mu manta shekarar 2010 ba, sa'ad da gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma. Dalma ma tana sa jijjiga da kasala da dakushewar hankali. In ana niƙa dutse ko wanke shi a gidanku, ko mai gida na komowa daga rami da ƙura a tufafinsa, ku faɗa mana da bakinku, kada a ɗora wa ƙyanda laifin da ba nata ba.

Ƙanne da ke gida

Wanda ya yi ƙyanda ba ya sake yinta, amma sauran alluransa na riga-kafi lalle a cika su, yanzu ma ya fi bukatarsu. Ƙannensa kuwa a kai su allurar ƙyanda, ta fari a wata 9, ta biyu a wata 15, kyauta. Ita allurar ba ta taɓa masu gadin nan da na ambata, koya musu fuskar ɓarawo kawai ta ke yi. A shekarar 2024 an yi allurar gayya a ƙasar Gummi, yara fiye da 50,000 suka samu, masu kwanciya da ƙyanda a asibitin garin suka ragu ƙwarai. Amma ko wace shekara ana haifar sababbi.

In za ku zo, ku zo da katin yaro, ku kuma gaya wa malamin ɗakin magani watan da ya yi ƙyanda, ko da wata shida ne da suka wuce, ko da bai tambaya ba. Mun san halin da hanyoyinmu su ke ciki, ba ko yaushe a ke iya fita ba. Saboda haka in kun ga ɗaya daga alamun nan da hantsi, kada ku ce bari mu ga yadda zai yini. Ku bi motar safe tun ana tafiya.